Gidaje masu sauƙin kuɗi a unguwannin talakawan birni: wa ke biyan giɓin, wa ke zama a ciki?

Da wuya a samu gwamnatin da ba ta da wani shiri mai suna "gidaje masu sauƙin kuɗi". Ana aza harsashi, ana yanke ƙyalle, amma ranar da aka liƙa farashi sai a tarar direban haya da mai share titi da leburan da ya ɗauki bulon a kansa duk ba sa cikin masu iya saye. A Kenya maganar har kotu ta kai. A 2023 aka fara cire kashi 1.5 cikin ɗari na albashin ma'aikaci domin asusun gidaje, wanda ya ɗauke shi aiki shi ma ya zuba kwatankwacin haka. A watan Nuwamba babbar kotu ta ce harajin ya saɓa wa tsarin mulki, sai majalisa ta yi sabuwar doka, Shugaba William Ruto ya sa mata hannu a Maris na 2024. Ƙorafin ma'aikata da yawa shi ne ana yankar kuɗinsu ba tare da tabbacin za su samu gidan ba.

Lissafi ne tushen wannan ruɗani. Tsakanin abin da gida mai inganci ke ci kafin a gama shi da abin da talakan birni zai iya biya akwai giɓi, kuma dole wani ya cike shi. Duk tsare-tsaren da ake muhawara a kansu amsoshi ne ga wannan: wa zai biya, a ina gidan zai tsaya, kuma shekara nawa sauƙin zai ɗore.

Me ake nufi da sauƙin kuɗi?

Ma'aunin da aka fi amfani da shi yana cewa kada kuɗin muhalli, wato haya ko biyan bashin gida tare da wuta da ruwa, ya wuce kashi 30 cikin ɗari na abin da iyali ke samu. Daga Amurka ya bazu. A 1969 majalisar dokokin ƙasar ta ƙayyade hayar gidajen gwamnati a kashi 25 na samun ɗan haya, aka ɗaga zuwa 30 a 1981. Iyalin da ke kashe sama da rabin samunsu a muhalli ana lissafa su cikin waɗanda haya ta shaƙe.

Ma'aunin yana da rauni. Mai babban albashi zai iya ba da kashi 40 ya ci ya sha, ga ragowa. Mai ƙaramin ƙarfi ko kashi 20 ya bayar sai ya rage cefane ko kuɗin magani. Sannan ba ya lissafa nisa. Gida mai arha a bayan gari, wanda sai an hau mota biyu kafin a kai wurin aiki, arharsa a kuɗin mota take zurarewa. Shi ya sa wasu masu tsara birane ke haɗa muhalli da sufuri wuri ɗaya, su ce kada jimillar ta haura kashi 45.

Akwai kuma abin da ke ɓoye cikin tallace-tallace: sauƙi ga wa? Sau da yawa ana auna farashin ne da samun matsakaicin iyali a birni. Gidan da ya dace da aljihun wannan iyali ya fi ƙarfin kusan rabin mutanen garin, domin su a ƙasan wannan matsakaici suke. Doka ta yarda a kira shi mai sauƙi, talaka kuwa ko ƙofarsa bai isa ba.

Hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UN-Habitat, tana sanya iyali cikin mazauna unguwar marasa galihu idan sun rasa ɗaya daga abubuwa biyar: ruwa mai tsabta, banɗaki mai inganci, isasshen wuri (kada a wuce mutum 3 a ɗaki), gini mai ƙwari a wurin da ba haɗari, da tabbacin ba za a tashe su ba. Sama da mutum biliyan 1 ke rayuwa a haka, alhali muradun da ƙasashe suka amince da su a 2015 sun yi alƙawarin muhalli mai kyau ga kowa nan da 2030.

Inda kuɗin gida yake tafiya

Mutane sun fi ganin siminti da rodi da kwano. Amma fili da kuɗin ruwa sukan fi su tasiri a kan abin da mai saye zai biya kowane wata.

A fara da fili. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce. Idan aka cire kashi 35 na tituna da magudanai da filin makaranta, saura 6,500. Dokar da ta ce kowane fuloti sai ya kai mita 500 ta bar gida 13 kacal a wannan hekta. Idan aka yarda da mita 100, gida 65 za su shiga. Kuɗin fili a kan kowane iyali ya faɗi ninki biyar, haka tsawon bututun ruwa da kwalta da wayar wuta da kowane gida zai ɗauki nauyi. Birane da yawa sun gaji ƙa'idojin gini da aka tsara wa masu hali: manyan fulotai, faffaɗan titi, wurin ajiye mota ga kowane gida. Wanda bai iya cika su ba sai ya koma filin awon igiya ko ya zama ɗan kama-wuri-zauna a bakin kwata, inda ƙa'ida ko ɗaya ba ta aiki.

Kuɗin ruwa ya fi wannan tsanani. A ɗauka an ci bashin miliyan 1, ko da wane irin kuɗi ne, za a biya cikin shekara 20. Idan ruwan kashi 6 ne a shekara, biyan wata zai kama kusan 7,200. A kashi 12 ya zama 11,000. A kashi 20 ya kai kusan 17,000. Bisa ma'aunin kashi 30, na farko yana buƙatar iyali mai samun kusan 24,000 a wata, na ƙarshe kuwa sai mai 57,000. Gida ɗaya ne, bulo ko ɗaya ba a ƙara ba. Kuma tsawaita wa'adi ba ya ceto idan ruwa ya yi yawa: a kashi 20, mayar da bashin shekara 30 ba zai rage ko 300 daga biyan wata ba. A ƙasar da farashi ke hauhawa, banki ba zai ba da bashi mai tsawo da arha ba sai gwamnati ta biya bambancin. Ko ta biya, bankin yana neman takardar albashi da kafin alƙalami, abubuwan da mai sana'ar hannu ba shi da su.

Shi ya sa yawancin talakawan birane ke gini da kaɗan-kaɗan: ɗaki ɗaya bana, a kai linta baɗi, rufi idan hali ya yi. A Iquique ta ƙasar Cile, ofishin zanen gini na Alejandro Aravena ya mayar da wannan ɗabi'a tsari. Tallafin gwamnati dala 7,500 ne ga kowane iyali, kuma filin cikin gari ya cinye kaso mai yawa. Sai aka gina wa iyalai 93 rabin gida mai ɗauke da abin da ya fi wuya, wato ginshiƙai, matakala, kicin da banɗaki, aka bar gurbin da kowa zai cike da kansa. An kammala a 2004, mutanen ba su bar unguwarsu ba.

Idan gwamnati ce ta gina

Masu goyon bayan wannan hanya sukan kawo Singafo. Hukumar gidajenta, HDB, ta fara aiki a 1960, kuma yau kusan kashi 80 na 'yan ƙasar a gidajenta suke, akasari sun saya bisa hayar shekara 99. Abin da ake mantawa shi ne ginshiƙan da suka riƙe tsarin. Dokar 1966 ta ba gwamnati ikon karɓar fili da diyya ƙayyadajjiya, har mafi yawan ƙasar ta dawo hannunta. Daga 1968 aka bar ma'aikata su biya gida daga asusun ajiyarsu na dole. Sannan kowane rukuni ana haɗa shi da jirgin ƙasa, kasuwa da makaranta. Biyana, babban birnin Ostiriya, ta bi wata hanyar: tun shekarun 1920 take gina gidajen haya, yanzu tana da kusan 220,000, kuma ta buɗe su har ga masu matsakaicin samu domin kada su zama matattarar talauci.

Masu suka kuma suna da nasu misalin. Rukunin gidajen gwamnati na Pruitt-Igoe a birnin St. Louis na Amurka benaye 33 ne masu hawa 11, an fara shiga a 1954, an fara rushewa a 1972. Gwamnatin tarayya ta biya kuɗin gini, amma gyara da shara da gadi an ɗora su a kan hayar da za a tara. Da ayyuka da jama'a suka bar tsakiyar birnin, ɗakuna suka zama wayam, haya ta ragu, na'urar hawa bene ta lalace ba mai gyarawa, masu hali suka fice, hayar ta ƙara raguwa. Masu kula da gine-gine sukan ware kashi 1 zuwa 2 na darajar gini kowace shekara domin gyara. Shirin da bai faɗi inda wannan kuɗi zai fito ba ya riga ya sa ranar lalacewarsa.

Kuskuren da ya fi yawa a ƙasashe masu tasowa shi ne na wuri. Bayan 1994 Afirka ta Kudu ta raba miliyoyin ƙananan gidaje kyauta, babban aiki ta kowace fuska, sai dai ɗan kwangila da ke da ƙayyadajjen kuɗi a kan kowane gida fili mafi arha yake nema, shi kuma a bayan gari yake. Haka ta faru da yawancin gidajen shirin Minha Casa Minha Vida da Barazil ta fara a 2009. A Meziko an gina manyan rukunai nesa da birane a shekarun 2000, masu saye da yawa suka rufe ƙofa suka koma kusa da aiki, suka bar bashin a baya. A Adis Ababa, inda ake raba gidajen bene ta hanyar ƙuri'a, da dama cikin waɗanda suka ci sun sa 'yan haya ne domin su iya biyan banki.

Tallafin haya, ƙayyade haya da tilasta wa magina

Amurka tun 1974 tana da tsarin da ɗan haya zai biya kusan kashi 30 na samunsa, gwamnati ta cike wa mai gida ragowar. Yana ba iyali zaɓin unguwa, amma kuɗin ba ya isa: kusan iyali ɗaya cikin huɗu da suka cancanta ne ke samun tallafin haya na tarayya. Inda gidaje suka yi ƙaranci kuma, wani ɓangare na tallafin a aljihun mai gida yake ƙarewa ta hanyar ƙarin haya. Tun 1986 ƙasar tana rage wa masu zuba jari haraji idan suka gina gidajen masu ƙaramin samu, da sharaɗin sauƙin haya na wasu shekaru, galibi 30. Wa'adi na cika, gida na iya komawa farashin kasuwa.

Ƙayyade haya ya fi kowanne jawo gardama. Binciken da masana na Jami'ar Stanford suka yi a kan birnin San Francisco na Amurka, inda aka faɗaɗa dokar ƙayyade haya a 1994, ya ba kowane ɓangare hujja: 'yan hayan da dokar ta rufe sun fi daɗewa a gidajensu, amma masu gidajen sun rage waɗanda suke bayarwa haya da kashi 15, abin da ya ɗaga haya ga masu neman gida daga baya. Balin, babban birnin Jamus, ta daskarar da haya a 2020, kotun tsarin mulkin Jamus ta soke dokar a 2021 bisa cewa hurumin tarayya ne. Faransa ta kama ta wani gefen. Dokarta ta 2000 ta wajabta wa garuruwan da ke yankunan birane su tabbatar kashi 20 na gidajensu na masu ƙaramin ƙarfi ne, aka ɗaga zuwa 25 ga da yawansu a 2013, wanda ya gaza a ci shi tara.

Gyara unguwa a inda take

Rusau yana kawar da gini, mutanen kuwa sai su sake kafa wata unguwar a wurin da ya fi muni. Wannan ne ya sa tun shekarun 1970 hankali ya karkata ga gyara a wuri. Jakarta ta Indonesiya ta fara a 1969 a zamanin Gwamna Ali Sadikin: hanyoyin ƙafa na kankare, magudanai, famfunan unguwa da banɗakunan jama'a, da kuɗi kaɗan a kan kowane mutum. Inda aikin ya yi rauni shi ne kula da kayan bayan an gama.

A Orangi, wata ƙatuwar unguwa a Karachi ta Pakistan, Akhtar Hameed Khan ya fara wani tsari a 1980 wanda har yau ake koyi da shi. Mazauna layi ɗaya, gida 20 zuwa 40, su zaɓi mai kula, su tara kuɗi, su haƙa da kansu. Nasu shi ne masai a cikin gida, bututun layi da wanda ke haɗa layuka. Na hukuma shi ne babban bututu da wurin tace ƙazanta. Ƙwararru suka ba da awo da zane da aron kayan aiki, suka sauƙaƙa murfi da zurfin rami tunda manyan motoci ba sa bin layukan, aka kuma cire ribar ɗan kwangila. Dubban layuka sun samu magudana a haka. Matsalar takan taso ne idan hukuma ba ta yi nata ba, sai ƙazantar da aka kwaso daga layi ta ƙare a rafi.

Tailan ta ƙara mataki a 2003 da shirin Baan Mankong a ƙarƙashin CODI, hukumar gwamnati mai tallafa wa ƙungiyoyin unguwa. Unguwa za ta kafa asusun ajiya har ta tara kashi 10 na bashin da take nema, ta yi rajistar ƙungiyar gama kai, ta sasanta da mai fili a kan saye ko haya mai tsawo. Gwamnati ta ba da kyautar kuɗin titi da ruwa, ta ba ƙungiyar bashin shekara 15 da ruwa kaɗan. Ƙungiya ce ke bin kowane gida bashi, don haka idan ciwo ko rashin aiki ya sa wani ya makara, asusun na rufa masa asiri na ɗan lokaci.

A aikace, jerin aikin yana da muhimmanci. Ƙidaya ce farko, gida-gida, a rubuta masu gini da 'yan haya dabam-dabam, a sa wa kowane gini lamba, a liƙa sunaye a bainar jama'a, a sanar da ranar rufe rajista. In ba haka ba, labarin aiki na fita sababbin rumfuna za su tsiro cikin dare. Daga nan sai awon gangaren ƙasa da magudanar ruwan sama, sannan bututun ƙazanta da na ruwan sha, kwalta a ƙarshe. Wanda ya fara da kwalta zai fasa ta da hannunsa. Wanda ya kawo famfo ba magudana ya ƙara ruwan da ke kwanciya a layi. Akwai kuma kuskuren da ake yawan gani: a cike titi da ƙasa har ya fi daɓen gidaje tudu, ruwan farko na damina ya bi ta ƙofa ya shige ɗaki. Waɗanda dole a tashe su, saboda suna kan hanyar ruwa ko ƙarƙashin babbar wayar wuta, a ba su wuri cikin unguwar kafin a taɓa rufinsu.

Raya unguwa bai tsaya a bututu ba. Ga talakan birni gida wurin sana'a ne: keken ɗinki a zaure, teburin sayar da kaya a bakin ƙofa, ɗakin da aka ba haya. Mayar da shi hawa na biyar yana iya ba shi banɗaki mai kyau ya raba shi da abincinsa. Medellín ta Kolombiya ta gane darajar hanya, a 2004 ta haɗa unguwannin kan tsauni da jirgin ƙasan birni ta motar igiya mai tafiya a sama, tafiyar zuwa aiki ta ragu sosai.

Bayan an gyara, wa zai zauna?

Titi da ruwa da fitila suna ɗaga darajar fili, kuma wannan ƙarin wani zai ci. Ɗan haya ne farkon wanda abin ke bugu, domin mai gida zai ƙara kuɗi daidai da sabon kyan unguwa. Bayansa sai mai ƙaramin gida da dillalai za su yi wa tayin da bai taɓa jin irinsa ba.

Wasu masana, a gabansu Hernando de Soto na Peru, sun ce maganin shi ne takardar mallaka ga kowane gida, domin talaka ya jinginar da ita ya samu jari. Peru ta kafa hukumar bayar da takardun mallaka, COFOPRI, a 1996, ta raba takardu sama da miliyan 1. Bincike ya nuna mutane sun ƙara gyara gidajensu, sun ƙara fita aiki tunda ba sai wani ya zauna gadin gida ba. Amma bashin bankunan kasuwa bai ƙaru kamar yadda aka zata ba, domin banki samu yake dubawa kafin takarda. Takardar kuma tana sauƙaƙa sayarwa. Afirka ta Kudu ta hana sayar da gidan tallafi sai bayan shekara 8, sai cinikin ya koma bayan fage, da farashi ƙasa da daraja, sunan mai gida na farko yana nan a rajista.

Ɗaya hanyar ita ce raba fili da gini. Wata amintacciyar ƙungiya ta riƙe filin har abada, iyali su mallaki ginin da ke kai, su gadar wa 'ya'yansu, amma idan za su sayar akwai ƙa'idar farashi. A Burlington ta jihar Vermont a Amurka, inda aka fara a 1984 lokacin Bernie Sanders yana magajin gari, mai sayarwa yana ɗaukar kashi 25 na ƙarin darajar. Idan gida ya ƙaru da 40,000, nasa 10,000 ne, ragowar ta zauna a gidan domin mai saye na gaba ya same shi da sauƙi. A San Juan ta Puerto Rico, unguwannin da ke gefen mashigin Martín Peña sun samu dokar irin wannan a 2004, tun kafin a yashe mashigin, domin sun san ranar da ruwan ya gyaru filinsu zai zama abin so. Masu suka suna cewa tsarin yana hana talaka cin ribar da kowane mai gida ke ci. Gaskiya ne, kuma da wannan ribar da aka hana ne ake sayen sauƙin na gaba.

Abin da zai shafi mazauna kai tsaye

Ga ɗan haya, abu mafi nauyi shi ne ko sunansa ya shiga ƙidaya. Shirye-shirye da yawa masu gini kawai suke biyan diyya, alhali a unguwanni da dama 'yan haya sun fi yawa. Ga mai gida, takardar halal tana zuwa da sababbin kuɗaɗe: harajin fili, mitar ruwa, mitar wuta, kuɗin kula da bene. Iyalin da ke biyan kaɗan-kaɗan kullum suna iya kasa biyan dunƙulallen kuɗi a ƙarshen wata, ko da jimillar ta fi sauƙi. Mata sukan yi asara idan aka rubuta sunan miji shi kaɗai, shi ya sa wasu shirye-shirye, har da na Barazil, suka fifita sanya sunan mace a takarda.

Wanda aka yi wa tayin gida a sabon rukuni yana da lissafin da zai yi kafin ya sa hannu: biyan wata, da kuɗin kula da gini, da kuɗin motar kowa a gidan zuwa aiki da makaranta, a cire abin da sana'ar ƙofar gida ke kawowa idan za ta tsaya. Sai ya tambaya ko ruwan bashin tsayayye ne ko mai canzawa, wata nawa zai makara kafin a karɓe gidan, kuma idan aka karɓe me zai faru da abin da ya riga ya biya.